Tsakanin Damagaram da Kwala Lumfur: Ya Zauna Can ko Ya Dawo Gida?

  

Ya ku iyaye da ƴan'uwa masu karatu, a yau da wuya a sami gida a garuruwanmu wanda ba shi da ɗa ko ƙane a wata ƙasa. A da tafiyarmu ba ta wuce Kano da Kumasi da Abijan ba, ko Libiya da Aljeriya ga masu ci-rani, ko Makka da Madina da Masar ga masu neman ilimi. Yanzu kuwa yaranmu sun kai har Sin da Indiya da Malesiya. Duk gidan da yake da ɗa a waje, akwai tambayar da take yawo a cikinsa, ko an furta ta ko an haɗiye ta: ya zauna can, ko ya dawo? Gidanmu yana cikin irin waɗannan gidaje, shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na gani da abin da na auna, ko Allah ya sa ya amfani wani.

Mahaifinmu limami ne a wata unguwa ta Damagaram, yana da makarantar allo a zaure, yana kuma ba manya karatun littattafai bayan sallar asuba. A gabansa na yi allo, daga nan na yi madarasa, na ƙare a lise, sannan na kama aikin rubuta wa kawunmu lissafin kasuwancinsa. Ƙanena mai bi mini ya fi ni nisa a karatu. A 2016 ya sami tallafi ya tafi Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da ke Gombak, a gefen Kwala Lumfur, babban birnin Malesiya. Da ya ƙare sai ya sami aiki a wani kamfani mai buƙatar wanda ya iya Faransanci da Larabci. Ya zo gida aka ɗaura masa aure, ya koma da iyalinsa, yanzu suna da ƴaƴa biyu. Malam kuwa girma ya kama shi, idanunsa sun fara rauni, Inna kuma ba ta taɓa ɗaukar ƙaramin jikanta a hannu ba. Da azumin 2024 ya zo, kawu yana da tafiyar sayen kaya zuwa can, sai Malam ya ce in bi shi, ya ce da ni: "Je ka gano mini yadda ɗan'uwanka yake zaune, zuwa da kai ya fi aike." Muka bi ta Istambul, na yi mako shida a gidan ƙanena, na yi ƙarshen azumi da ƙaramar Salla tare da su.

Zan fara da ruwa, domin duk wanda ya tashi a Damagaram da ruwa yake fara auna kowane gari. Garinmu yana zaune a kan duwatsu, ruwansa daga rijiyoyin da ke nesa da gari ake turo shi. In bazara ta yi tsanani pampo yana iya yin kwanaki bai ɗiga ba, mata su tashi tsakar dare suna gadin ruwa, jarkoki su yi layi, kuɗin ɗan garuwa ya ninka. A gidan ƙanena, hawa na goma sha huɗu na wani dogon bene, ana murɗa kan pampo ruwa ya zubo, dare da rana. Matarsa ta faɗa mini cewa tun da ta sauka ƙasar ba ta ɗora bokiti a kanta ba. Na zauna na lissafa awoyin da ƙannenmu mata suke kashewa kullum a ɗiban ruwa, da hura itace, da daka, da wanki da hannu, sai na ga sun kai rabin yini. Ita wannan baiwar Allah an mayar mata da rabin yininta, tana karatu da shi, tana koya wa ƴarta haruffa. Tun daga ranar, in ana maganar jin daɗin rayuwa, abin da nake fara tambaya shi ne awa nawa mace take da shi a yini wanda yake nata.

Haka batun wuta. A ƙasarmu kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne yake da wutar lantarki, mafi yawansu kuma a birane. Mun daɗe muna sayen kaso mafi girma na wutarmu daga Nijeriya, kuma kowa yana tune da abin da ya faru a watan Agusta na 2023, lokacin da aka katse ta saboda takunkumi, har sai da aka ɗage takunkumin a 2024. Masu walda da masu niƙa da masu sayar da ƙanƙara su suka san abin da suka yi asara. A Malesiya kusan kowane gida yana da wuta, har ƙauyukan da muka ratsa. Cikin mako shida ban ga an ɗauke ta ko sau ɗaya ba.

Wajen da bambancin ya fi taɓa zuciyata shi ne lafiya. Innarmu ta haifi tara, shida ne muke raye, kuma babu wanda yake ganin wannan abin mamaki ne a unguwarmu, domin kusan kowace tsohuwa haka take ƙidaya nata: masu rai kaza, waɗanda suka koma kaza. A Nijar, cikin yara dubu da aka haifa, sama da 100 ba su kai shekara biyar. A Malesiya ba su kai 10 ba. Matsakaicin tsawon rai a wajenmu ya ɗan haura shekara 60, a wajensu ya kai kimanin 75. Rai da ajali a hannun Allah suke, amma Allah ya sanya wa kowane abu sababi, sababin nan kuwa a fili yake: ruwa mai tsabta, allurar rigakafi, ungozoma mai horo, da asibitin da talaka zai iya shiga. Ɗan ƙasa a can yana ganin likita a asibitin gwamnati da ringit ɗaya, wanda bai kai dala talatin ba a kuɗinmu, a kuma ba shi magani. Zazzaɓin cizon sauro da yake cika asibitocinmu da yara a watan Agusta da Satumba ya kusa ɓacewa daga biranensu, ko da yake suna fama da wani zazzaɓin da wani irin sauro yake kawowa, wanda ake kira dengi. Adalci ne kuma in faɗi cewa mu ma mun taka rawa. A 1990 yaran da suke rasuwa kafin shekara biyar sun haura 300 cikin dubu a ƙasarmu. A 2005 aka ayyana tiyatar haihuwa kyauta, a 2006 kuma maganin ƙananan yara. Tafiyar da aka yi ba ƙarama ba ce, sai dai sauran hanyar ma da nisa.

A ɓangaren karatu, fiye da tara cikin goma na manyansu sun iya karatu da rubutu, mu kuwa ba mu kai huɗu cikin goma ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne matansu. Wadda ta duba takarduna a filin jirgi mace ce da lulluɓinta, wadda ta canza wa kawu kuɗi a banki haka, likitar da take duba ƴaƴan ƙanena haka. A jami'o'in gwamnatinsu mata sun fi maza yawa. Ban ga karatun ya raba su da salla ko da sutura ba. A kowace kasuwa ta zamani da tashar jirgin ƙasa da gidan mai akwai ɗan masallaci da suke kira surau, da wajen alwala na maza daban na mata daban. Na tuna da ƴan matan da suke zaurenmu masu kaifin hadda, waɗanda ake cirewa daga lakwal tun kafin su ƙare firamare, na tuna kuma yadda muke ƙorafi in muka kai matanmu asibiti muka tarar babu likita mace.

To, mai karatu zai ce: mene ne ya kawo wannan rata, alhali sun sami ƴancin kai a 1957, mu a 1960, shekara uku kawai tsakani? A nan dole a yi hattara, domin masu saurin hukunci sukan ce lalaci ne, ko su ce rashin shugabanni ne kaɗai. Gaskiyar magana ita ce ba daga wuri ɗaya aka tashi ba. Ruwan saman da yake sauka a Kwala Lumfur a shekara ya haura milimita 2,000, kuma kusan kowane wata ana yin sa. A Damagaram kimanin milimita 400 ne, cikin wata uku zuwa huɗu, wata shekara ya zo, wata shekara ya yi gardama. Ƙasarsu tana bakin mashigin tekun Malaka, ɗaya daga cikin hanyoyin jiragen ruwa mafi cunkoso a duniya. Mu kuwa tashar jirgin ruwa mafi kusa da Yamai, wato Kwatano, tana da nisan kimanin kilomita 1,000, kuma da aka rufe iyaka a 2023 sai kaya suka koma zagayawa ta Lome, farashin shinkafa da mai ya tashi a kasuwar Dole. Tun kafin Turawan Ingila su tafi, ƙasarsu tana cikin manyan masu sayar wa duniya roba da kuza, da tituna da layin dogo a shimfiɗe. Mu gyaɗa da dabbobi muka gada, farin 1973 da 1974 ya karya gyaɗar ya kashe dabbobin, na 1984 ya ƙara.

Amma ruwan sama da teku ba su ne dukan labarin ba. Itacen kwakwar manja asalinsa na Afirka ta Yamma ne. A 1917 aka fara noma shi don kasuwa a can, a jihar Selangor. A 1956 suka kafa hukumar FELDA, wadda ta riƙa ɗaukar iyalin da ba shi da gona, ta ba shi fili da gida da bashin da zai biya sannu a hankali daga amfanin gonar. Yau Malesiya ce ta biyu a duniya wajen man ja, bayan Indonesiya, kuma wani kaso na man girkin da muke saya a jarka daga can yake zuwa. A farkon shekarun 1970 suka jawo kamfanonin haɗa kayan lantarki zuwa tsibirin Penang, a 1974 suka kafa kamfanin mansu na ƙasa, Petronas. Soja bai taɓa karɓar mulki a ƙasar ba. Mu kuma Allah bai hana mu ba: ana haƙar uraniyom a Arlit tun 1971, matatar mai ta fara aiki a arewacin Damagaram a 2011, a 2024 aka fara fitar da ɗanyen mai ta bututu zuwa teku. Sai dai mulki ya sauya hannu ta hanyar soja sau biyar, a 1974 da 1996 da 1999 da 2010 da 2023, kuma shirin da ake so ya yi shekara talatin yana tafiya da wuya ya rayu a haka. Madatsar ruwan Kandaji da aka aza wa harsashi a 2008 shaida ce kan yadda manyan ayyuka suke daɗewa a hannunmu.

Kada kuma a ɗauka can babu aibu. A watan Mayu na 1969 an yi mummunan rikici tsakanin ƙabilu a Kwala Lumfur, an rasa rayuka da yawa, kuma har yau maganar rabon arziki tsakanin Malayawa da ƴan asalin Sin da ƴan asalin Indiya magana ce mai zafi. An yi babbar almundahana da dukiyar gwamnati a asusun 1MDB, wadda ta kai tsohon firayim ministansu Najib Razak gidan kaso a 2022. Hayaƙin ƙone daji ya sha rufe musu sama har a rufe makarantu, kamar a 2015 da 2019. Ambaliya tana cinye musu gidaje, kamar a ƙarshen 2021.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi shafar gidajenmu. Duk alkaluman da na kawo suna gwada ɗan ƙasa da ɗan ƙasa ne. Ɗanmu da ya tafi can ba ɗan ƙasa ba ne, baƙo ne, baƙo kuwa raɓa ne. Asibitin da ɗan ƙasa yake biyan ringit ɗaya, baƙo yana biyan arba'in. Makarantar gwamnati ba a buɗe take ga ƴaƴansa kamar yadda take ga ƴaƴan ƴan ƙasa ba, masu zaman kansu kuwa suna da tsada. Takardar zamansa a ɗaure take da aikinsa, ranar da aikin ya ƙare zaman ya fara ƙarewa. Ƴaƴan da ya haifa a can haihuwar ba ta mai da su ƴan ƙasa. Ƙanena ya gaya mini cewa sai da ya nemi gida a wurare da dama kafin ya samu, domin wasu masu gidaje da zarar sun ji ɗan Afirka ne sai su ce an riga an kama. Shi ma yana cikin masu sa'a, tun da yana da takardar jami'a da aikin ofis. Akwai miliyoyin leburori daga Indonesiya da Bangaladash da Nefal da Bama a gonakin manja da wuraren gini da masana'antu, da yawansu sun ci bashi a gida sun biya dillalai, suna kwana da yawa a ɗaki guda, wasu ma an riƙe musu fasfo. Saurayin da yake zaune a majalisa yana kallon hoton tagwayen benayen Petronas a waya, ya sani cewa hangen Dala ba shiga birni ba ne. In ya tafi ba sana'a ba takarda, sahun waɗannan leburori zai shiga.

Ko albashin ma sai an auna shi da abin da yake ci. Mafi ƙarancin albashi a can ya koma ringit 1,700 a 2025, wato ya haura jika ɗari biyu, alhali namu ya koma jika arba'in da biyu a 2024. Rata ce babba. Amma a gidan ƙanena kuɗin haya yana cin kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da yake samu, sai kuɗin makarantar ƴarsa, da inshorar lafiya, da kuɗin sabunta takardu, da abin da yake aiko wa gida. Babu buhun hatsi daga gona, babu akuyar da za a sayar in ta ɓaci, babu maƙwabcin da za a ranta wa tiya biyu zuwa kaka. Yana fita kafin rana ta fito, ya shiga jirgin ƙasa mai sanyi da tsabta, ya dawo bayan magariba. Shekara uku yana hawan nan, bai san sunan wanda ƙofarsa take kallon tasa ba. Da aka haifi ɗansa na biyu, mutum bakwai ne suka halarci suna, ragon kuwa kuɗi ya biya wani kamfani ya yanka ya kawo naman a dafe.

Mutanen ƙasar ma suna jin wannan ƙishi. In Salla ta matso sai birnin ya kwashe, motoci su cika manyan hanyoyi, kowa ya nufi ƙauyen iyayensa, abin da suke kira balik kampung. Ranar idi suna buɗe gidajensu ga duk mai shigowa, har wanda ba Musulmi ba, a ci a sha, yara su durƙusa su nemi gafarar iyaye. Wannan al'ada ta burge ni ƙwarai. Mu kuwa da muka sauko daga idi, muka leƙa gidan wani abokin aikinsa, sai muka dawo hawa na goma sha huɗu muka zauna muna jiran gari ya waye a Damagaram, domin suna gabanmu da awa bakwai, mu kira Inna ta waya ta ga jikokinta da kayan Salla. Haihuwa ma ta ragu a can ƙwarai, mace ba ta kai ƴaƴa biyu a matsakaici ba, mu kuwa muna wajen shida. Suna damuwa da wanda zai riƙe tsofaffi, muna damuwa da abin da zai ciyar da yara ya kuma ba su aji.

Ban faɗi wannan don in ce zumuncinmu ya biya mana rashin ruwa da magani ba. Taron suna ba ya sauko da zazzaɓin yaro, kuma uwar da ta rasa ɗanta saboda nisan asibiti ba za ta yarda a ce mata ta fi wata jin daɗi ba. Abin da nake nufi shi ne kowane ɓangare yana da abin da yake bayarwa da abin da yake karɓewa, kuma mai yanke shawara ya kamata ya san duka biyun.

Akwai darasi guda da na fi so in isar wa masu karatu, domin ba ya buƙatar teku ko ruwan sama. Mutanen nan sun yi kama da mu a abubuwa da yawa. Suna da rubutun Jawi, wato harshensu da haruffan Larabci, kamar ajaminmu. Suna da makarantun pondok, inda almajirai suke zama kewaye da malami kamar tsangaya. Mazhabarsu Shafi'iyya, tamu Malikiyya. A da su ma talakansu yakan sayar da gona ko dabba don ya je hajji, ya dawo ya tarar ba abin da zai ci. A 1959 wani masanin tattalin arziki, Ungku Abdul Aziz, ya ba da shawarar a kafa asusun da mutum zai riƙa zuba kaɗan-kaɗan, a juya kuɗin ta hanyar halal, ya je hajji da ajiyarsa da ribarta. A 1963 aka fara, da masu ajiya da ba su kai dubu biyu ba. Wannan shi ne Tabung Haji, wanda masu ajiyarsa suka haura miliyan tara. Iyaye suna buɗe wa jariri asusu. Shi ma asusun ya shiga matsala a 2018 har gwamnati ta sa hannu ta gyara, kuma saboda yawan masu rajista jiran kujera ya zarce shekara ɗari ga sabon shiga. Duk da haka ya koya wa al'umma guda ajiya. Mu da kujerar hajji ta haura miliyan uku na sefa, har yanzu mafi yawanmu shanu ko fili muke sayarwa. Zakka ma a can hukuma ce take karɓa a kowace jiha, a ba mutum rasit, a rage masa daga harajinsa, a san su wa aka ba. A masallacin da muke juma'a na ga allo a bango an rubuta abin da aka tara makon jiya da abin da aka kashe. Na fahimci cewa amana tana ƙara ƙarfi in aka rubuta ta inda kowa zai gani.

Kada wani ya ce mu ba mu iya aikin haƙuri ba. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka fara barin tsiron gawo da sauran itatuwa a gonakinsu suna yi musu aski maimakon sarewa. Masana sun ƙiyasta itatuwan da suka tashi ta wannan hanya sun kai miliyan 200. Wanda ya bi hanyar Matamai da Magarya ya ga gawo da idonsa. Talakawa ne suka yi wannan, ba da kuɗin kowa ba, har wasu ƙasashe suna zuwa koyo. Da yayyafi kogi kan cika.

Daren da zan taso, ni da ƙanena muka daɗe muna magana. Ya ce da ni: "Yaya, in na dawo yau, me zan ba yaran nan? In kuma na zauna, su wa za su zama?" Ya ce babbar ƴarsa tana jin Hausa amma da Malayanci da Ingilishi take amsawa. Ya ce abin da yake hana shi barci shi ne a kira shi wata rana a ce Malam ba lafiya, alhali tsakaninsa da gida kwana biyu ne da kuɗin jirgi na albashin wata biyu. Ban ba shi amsa ba, domin ba a aike ni in yanke hukunci ba.

Da na dawo na zayyana wa Malam komai, daɗi da ɗaci. Ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce bai haifi yaro don ya tsare masa zaure ba, kuma ba zai kira shi ya dawo ya zauna hannu rabbana ba. Amma ya ce zaman da ba shi da wa'adi ba ci-rani ba ne, ƙaura ce. Aka yi shawara ta waya, da Inna da kawu, aka tsaya a kan abubuwa huɗu: zai ƙara shekara biyar yana ajiyar da aka sa wa adadi, zai fara gini a filin da Malam ya ba shi, zai riƙa kawo iyalinsa gida duk bayan shekara biyu, kuma kowace Asabar yaran za su yi karatu da kakansu ta waya, da Hausa. Daga abin da ya aiko muka sa faifan hasken rana da tankin ruwa a makarantar zaure, ni kuma na buɗe littafi ina rubuta duk abin da ya shigo da abin da ya fita, ina karanta wa iyayen yara a ƙarshen wata. Ban ce wannan ita ce amsar kowane gida ba. Wani ɗan dawowarsa ta fi, wani zamansa ya fi.

Shawarata ga iyayen da ɗansu yake shirin tafiya ita ce su tambaye shi da wace takarda zai zauna, da wace sana'a zai ci, wa zai karɓe shi in ya kwanta ciwo, kuma yaushe zai dawo. In ba shi da amsar waɗannan, kada a sayar da gona a ba dillali. Ga waɗanda ɗansu ya riga ya tafi, kada a auna shi da abin da yake aikowa kawai, domin hoton da yake turowa ba ya nuna kuɗin haya ko kaɗaici. Mu da muke gida kuma akwai abin da yake hannunmu tun kafin gwamnati ta iso: a kai yara rigakafi, a kwana cikin gidan sauro, a kai mai ciki awo, a bar yarinya ta ƙare karatunta, a mai da adashe ajiyar da aka rubuta, a kafa allon lissafi a masallatai.

Allah ya tsare mana ƴaƴanmu da ke baƙunta, ya haɗa fuskokinsu da na iyayensu cikin alheri, ya ba ƙasarmu damina mai albarka da zaman lafiya mai ɗorewa.